Jadawalin Sinadarai: Daga Allo Zuwa Kwamfuta A Makarantun Karkara

Tun a 1977, lokacin da Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, manufar ita ce 'ya'yan talakawa su zama likitoci da injiniyoyi. Tambayar da ke gaban masu kula da ilmi yau ita ce, da wane irin kayan aiki za a ci gaba da wannan manufa?

A ɗauki jadawalin sinadarai, watau ginshiƙin darasin kemistiri. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Dmitri Mendeleev, shi ya tsara shi a 1869, sa'ad da sinadarai 63 kaɗai aka sani. Ya bar gurabe, ya kuma faɗi halayen abin da zai cike su. A 1875 aka gano galiyam, ya dace da hasashensa. Yau sinadaran 118 ne. Abin baƙin ciki kuwa, ɗalibi yakan haddace ashirin na farko kamar karatun aku, ba tare da ya san dalilin jerin ba.

A nan ne kwamfuta ke da amfani. Da manhajar PhET, wadda Jami'ar Kolorado ta Amurka ta ƙirƙiro tun 2002, yaro yana iya harhaɗa ƙwayar zarra da hannunsa, ya ƙara furoton ɗaya ya ga sinadarin ya zama wani. Kyauta ce, ana kuma iya sauke ta a yi aiki ba tare da intanet ba. Haka nan ana iya nuna masa a hoton bidiyo yadda sodiyam da fotasiyam ke tafarfasa cikin ruwa, gwajin da ke da haɗari a ɗakin aji mai cunkoso.

Amma fa na'ura ba ta ci sai da lantarki, kuma wuta a ƙauyukan Bichi da Dambatta ba abin dogaro ba ce. Sayo kwamfutoci ba tare da faifan hasken rana da mai gyara ba, tara wa ƙura abinci ne kawai.

Sa'an nan ga batun malami, wanda ya fi na'urar muhimmanci. Ɗan manomi ya san buhun takin zamani mai haruffan N da P da K tun kafin ya shiga aji. Ya san gishiri da kanwa, waɗanda sodiyam ke cikinsu, ya san tokar kara mai fotasiyam. Malamin da ya nuna masa cewa sodiyam mai lamba 11 da fotasiyam mai lamba 19 'yan layi ɗaya ne, shi ya sa halinsu ya zo ɗaya, ya gama rabin aikin. Kamata ya yi Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Bichi da takwarorinta su horar da malamai a kan haɗa waɗannan abubuwa biyu.

Lokaci kuwa ba ya jira. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, kuma ɗan ƙauyen da bai taɓa riƙe ta ba zai zauna jarrabawa ɗaya da ɗan birni.