Kuɗin Asurans: Mu Duba Lissafi Kafin Mu Sa Hannu

Gobara ta ci gida, ɓarna ta kai miliyan 6, kamfanin asurans ya kawo miliyan 3 da takardar sa hannu. Yawancinmu sai mu karɓa, mu ce ƙaddara ce. To, takardar nan idan ta ce mun karɓi hakkinmu duka, magana ta mutu.

Mu nemi lissafin a rubuce tukuna. Wani lokaci laifin namu ne: dokar CIMA da Nijar ke bi tun 1995 ta ce wanda ya rubuta gidan miliyan 20 a kan miliyan 10 don ya rage kuɗin shekara, rabin ɓarnar kawai za a biya shi. Mu ƴan kasuwa mun san wannan wayon, kuma mu yake ci.

Amma idan mai ƙiyasin kamfani ne ya karya farashin kwano da siminti, muna da ikon ɗauko namu masanin ya sake aunawa. Mu ajiye hotuna da takardun sayen kaya. Kada a yi ta mana "dawo gobe", domin bayan shekara 2 kotu ba ta sauraron ƙarar.