Permi a Aljihu, Makulli a Hannun Alhaji



Watannin baya wani abokina, ma'aikacin gwamnati a nan Maradi, ya zo mini da ɗansa, rai a ɓace. Yaron ya faɗi jarrabawar BEPC har sau biyu, sai uban ya ci bashi a kan albashinsa, ya saka shi makarantar koyon tuƙi. Allah ya taimaka ya samu permi C, wato iznin tuƙa motar kaya wadda nauyinta ya zarce tan 3 da rabi. Amma ga shi wata bakwai ke nan yana zagayen gareji da ƙofofin attajirai, babu wanda ya ko buɗe takardar ya duba. Duk inda ya je tambayar ɗaya ce: "Samari, wa ka bi?"

Abokina yana ganin wannan wulaƙanci ne, tun da shi a aikinsu takarda ita ce mutum. Na ba shi haƙuri, na ce mu dubi lamarin da idon mai mota. Alhajin da ya tara miliyoyin sefa ya sayi kamyo, sau da yawa tsohuwa ce daga Turai, idan ya miƙa makulli ba mota kaɗai ya bayar ba. Ya ba da kayan mutane da ke cikinta, ya ba da kuɗin gazuwal da na hanya a hannu, ya kuma ba da sunansa a kasuwa. Daga nan direba ya ɓace masa mako biyu ko uku. Wace takarda ce za ta gaya masa cewa yaron nan ba zai sayar da mai a hanya ba, ba zai kuma yi gyangyaɗi tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni ba?

Kuma gaskiya ce, abin da ake koya a makaranta kaɗan ne daga cikin sana'ar. Galibi da motar da babu kaya ake koyo, alhali birkin mota fanko daban yake da na mota mai lodi. Ba a koyar da ɗaurin tampol, ko jera buhunan albasar Galmi yadda iska za ta ratsa su kada su ruɓe kafin Abijan. Ba a koyar da canjin taya cikin zafin watan Afrilu, ko yadda ake magana da jandarma da ma'aikacin duwan ba tare da tsoro ko rashin kunya ba. Ga kuma sikeli: doka mai lamba 14 ta ƙungiyar UEMOA, ta shekarar 2005, ta ƙayyade cewa tirela mai layin tayu 6 da ke ɗauke da kayan yau da kullum kada ta wuce tan 51, ita da kayanta. Tsohon direba yana iya duban mai kaya ya ce lodi ya isa haka. Sabo kuwa kunya da tsoron kora sukan rufe masa baki.

Sa'an nan rufe iyakar Benin a 2023 ya ƙara tsananta abin. Kayan da a da suke zuwa daga Kwatano ta Gaya, da yawansu suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso, su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar sojoji. Irin wannan hanya ba a fara aiki da ita, uban kirki ma ba zai so ɗansa ya fara da ita ba.

Saboda haka na ce wa yaron ya ninke perminsa ya adana, ya nemi direban da aka shaida da natsuwa ya zama aparantinsa. Zai wanke mota, ya sa katako a bayan taya, ya kwana ƙarƙashinta yana gadi, a kira shi karen mota. Uban ya ɓata fuska da jin wannan suna. To amma a can ne ake samun abin da masu motoci suke nema, wato babban mutum da zai buɗe baki ya ce: "Na san shi, na tsaya masa." Bayan haka makullin farko yakan fito ne daga ƙaramin aiki: tifar yashi cikin gari, jigilar siminti, ko kai kaya kasuwannin Tasawa da Dakoro. Tirela sai an ƙara da permi E, ita kuma tana da lokacinta.

Na kuma ja masa kunne a kan abu guda. Akwai makullin da ake saurin miƙa wa sabon direba: motar da tsofaffi suka ƙi, tayu sun suɗe, birki sai an yi ta famfo, takardar asiransi ta mutu. Mai ita ya san wanda ya matsu ba ya tambaya. In aka yi haɗari direba ake kamawa, kuma sunan da ya ɓaci a tafiyar farko da wuya ya gyaru a tasha.

Yanzu bari in juyo gare ku, alhazai masu motoci, da ku manyan direbobi. Na san aparantin da furfura ta fara fito masa bai taɓa fita da mota shi kaɗai ba, ba don bai iya ba, sai don maigidansa ba ya son rasa mai wanke masa mota kyauta. Ku ne kuma kullum kuke kukan babu direbobin kirki. Mene ne zai hana a yanka wa yaro wa'adi tun ranar da aka karɓe shi, a gaban ubansa da shugabannin sandikar direbobi, a ce bayan kaza za a gwada shi, in ya ci a ba shi shaida a rubuce? Teloli da makanikai suna yaye yaransu har da walima.

Ɗan abokina dai yanzu yana bin wata kamyo da ke zirga-zirga tsakanin Maradi da Damagaram. Uban har yau yana biyan bashi, yana kuma ƙorafi. Shekaranjiya yaron ya biyo ta gidana, hannu duk baƙin mai, ya ce maigidansa ya bar shi ya shigar da motar gareji da baya, da lodi a kanta.