Hukuncin Microsoft da kwamfutocin Tarka: da tsohuwar zuma ake magani

Ranar 14 ga Oktoba 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutocin tebur na ofisoshinmu da shagunanmu. Ba a tuntuɓi sakataren da ke buga takardun haihuwa a Belbeji ba, balle ɗan kasuwar da ke lissafin buhunan hatsi a Tanut. An yanke hukunci a birnin Redmond, ya sauka a Damargu, mu kuwa namu ji ne kawai.

Kada mai karatu ya zaci na'urarsa ta mutu. Tana kamawa, tana buga takarda kamar jiya. Abin da aka tsayar shi ne gyaran tsaro da kamfanin ke aikowa kowane wata don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke gano wa. Rumbu ne da aka daina yaɓe shi: hatsi na ciki, amma duk tsagar da ta buɗe ta zama ƙofar ɓera.

Sun ce a koma Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021. To amma an gindaya sharuɗɗa: sai na'ura tana da wata ƴar ma'ajiyar mabuɗan sirri da ake kira TPM 2.0, sai kuma ƙwaƙwalwarta ta kasance ta zamani, wato Intel zubi na 8 zuwa sama ko takwararta ta AMD. A taƙaice, mafi yawan abin da aka ƙera kafin 2017 an sallame shi, ko da lafiyarsa ƙalau. Su wane ne ke da irin waɗannan na'urori? Mu ne, masu sayen na hannu daga titin Beirut na Kano da kasuwar Dole ta Damagaram.

Ga kuma inda rainin ya fito fili. Kamfanin ya ƙara wa'adin gyaran tsaro na shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba 2026, ga wanda ya biya dalar Amurka 30, abin da ya haura jika 15 ta sefa, ko wanda ya yarda ya ɗora saitin na'urarsa a rumbun kamfanin. Da ƙungiyoyin kare masu saye na Turai suka tada jijiyar wuya a 2025, sai aka sauke wa Turawa wannan sharaɗi. Wa ya yi magana da yawun mutanen Tarka? Babu.

Shi ya sa masu gyaran kwamfuta suka nemi ƙofar baya. Da kile guda da wata manhajar kyauta mai suna Rufus, akan ɗora Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, a tsallake binciken TPM. Masu kiran wannan aiki sata su yi mana shiru. Microsoft da kansa ya taɓa wallafa wata hanyar tsallakewa a shafinsa, kafin ya share ta a farkon 2025. Mutumin da ya sayi abu da guminsa yana da ikon more shi har ya tsufa.

Sai dai kare masu gyara bai hana mu faɗa musu gaskiya ba. Kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika gyara ga na'urar da ta shigo ta bayan gida ba. An ma ga misali: zubin Windows 11 na 2024 ya ƙi tashi sam a kan na'urori mafi tsufa, dabara ko ba dabara. Ƙofar da aka bari a buɗe yau ana iya garƙame ta gobe. Mafi muni shi ne gurɓatattun kwafin da ake saukowa daga shafukan da ba a san masu su ba, waɗanda wasunsu kan zo da ɓarawo a ciki. Wannan gyaran gangar Abzinawa ne. Kafin a kai ga tsallake, a leƙa saitin BIOS, domin na'urori da yawa suna da TPM a cikinsu, a kashe take kawai, ana kiranta PTT a Intel, fTPM a AMD.

Ɗan kasuwa na iya ɗaukar kasada da dukiyarsa, muddin ya kwafe lissafinsa ya adana a wani wuri. Ma'aikacin gwamnati ba shi da wannan dama, domin rajistar haihuwa da jerin masu biyan lampo da albashin malaman lakwal amanar jama'a ne. A nan muke tsoron abu biyu daga hukumomi. Na farko barci: a bar komai yadda yake sai bala'i ya auku. A watan Mayu 2017, ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, saboda na'urorin da ba a toshe kafofinsu ba. Idan Ingila ta ji jiki, ina ga Belbeji, wadda sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta? Na biyu kwangila: a fake da Microsoft a ce komai ya lalace, a ware miliyoyi a sayo sababbi a farashin da aka kumbura, alhali rijiyoyin kwarin Tarka na jiran gyara.

Akwai hanya ta uku, ba kuma mafarki ba ce. Manhajar Linux kyauta take, tana samun gyaran tsaro, tana gudu a kan tsofaffin na'urori, LibreOffice kuma na buga takarda da lissafi. Jandarmomin Faransa sun fara komawa kanta tun 2008, da dubban na'urori. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000. Masu kuɗi na tsimi, mu matalauta za mu yi almubazzaranci? Masu cewa ma'aikatanmu ba za su iya ba sun raina su. Wanda ya bar keken rubutu ya koyi Windows ba zai kasa koyon wannan ba.

A kuma buɗe ido kan kyauta. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a 2023 cewa kwamfutoci miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan hukunci. Ina ake zaton za a nufa da su? Ƙasashen Afirka sun rattaba hannu kan yarjejeniyar Bamako a 1991 don kada nahiyar ta zama juji. Duk mai kawo mana tallafin kwamfuta, a tambaye shi shekarar ƙirarta da manhajar da za ta ɗauka.

Saboda haka muna kira ga hukumar ANSI, wadda aka kafa a 2017 don irin wannan aiki, da mahukuntan Tanut da Belbeji: a ƙidaya na'urorin kowane ofishi, a bayyana sakamakon ga jama'a. Wadda ta cika sharaɗi a ɗora mata Windows 11, wadda ba ta cika ba a mayar da ita Linux, a horar da matasan Damargu su riƙa kula da su. Kada a sa hannu kan kwangilar ko sisi kafin a gama ƙidayar. Ba a fafa gora ranar tafiya, kuma wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.