Wa zai biya ɓarnar sauyin yanayi? Fafutuka a majalisun jihohin Amurka

A watan Yulin 2023 ambaliyar ruwa ta malale Montpelier, babban birnin jihar Vermont a arewa maso gabashin Amurka, ta rushe hanyoyi da gadoji, ta kuma bar wa ƙaramar jihar ɗawainiyar gyara da ta fi ƙarfin baitulmalinta. Kafin shekara ta zagayo, a watan Mayun 2024, majalisar dokokin jihar ta zartar da dokar da ta tilasta wa manyan kamfanonin mai da iskar gas da kwal biyan wani kaso na irin wannan asara. Gwamna Phil Scott, ɗan jam'iyyar Republican, bai sa hannu ba, amma kuma bai hau kujerar na-ƙi ba, don haka ƙudurin ya zama doka.

Masu fafutukar kare muhalli sun karkata ga majalisun jihohi ne bayan da suka fid da tsammani daga birnin Washington. Kazalika sun sauya salon magana, kuma a nan ne dabararsu take. Maimakon jayayya kan ko duniya na ɗumama, sai suka riƙa tambayar 'yan majalisa: tunda dole ne a gyara magudanan ruwa da shingayen gaɓar teku, daga aljihun wa kuɗin zai fito, na mai biyan haraji ko na kamfanin da ya ci riba? Tambaya ce da ko ɗan majalisar da bai damu da muhalli ba zai sha wuyar kauce mata. Sun kuma kafa hujja da dokar tarayya ta 1980, wadda ta ɗora wa kamfanoni nauyin share dagwalon gubar da suka zubar.

A jihar New York an ga yadda ƙuduri ke iya maƙalewa ko da ya tsallake majalisa. An kammala zartar da shi a watan Yunin 2024, amma ya shafe wata shida yana jiran Gwamna Kathy Hochul, 'yan kasuwa na matsa mata lamba ta wannan ɓangare, masu fafutuka kuma na zaman dirshan a harabar majalisa da ke Albany. Sai a ranar 26 ga Disamba ta rattaba hannu. Dokar ta tanadi karɓar dala miliyan dubu 75 cikin shekaru 25 daga kamfanonin da kowannensu ke da alhakin fiye da tan miliyan dubu ɗaya na hayaƙi mai ɗumama duniya.

To sai dai rubuta adadi a takarda daban, karɓar kuɗin daban. A watan Fabrairun 2025 jihohi 22 ƙarƙashin jagorancin West Virginia, mai arzikin kwal, suka maka New York a kotu, sannan a watan Mayu ma'aikatar shari'a ta gwamnatin Shugaba Donald Trump ta shigar da ƙarar New York da Vermont baki ɗaya. Hujjarsu ba ta wasa ba ce: hayaƙi bai san iyakar jiha ba, saboda haka hurumin tarayya ne, kuma ba daidai ba ne a ci tarar kamfani kan sana'ar da doka ta halatta a lokacin da ya yi ta. Ƙorafin cewa farashin mai zai tashi ya fi rauni, domin kuɗin na abin da ya riga ya wuce ne, farashi kuwa kasuwar duniya ke yanke shi.

Waɗannan ƙararraki sun sanyaya gwiwar 'yan majalisa a wasu jihohin. A Kalifoniya, duk da gobarar da ta cinye dubban gidaje a yankin Los Angeles a watan Janairun 2025, makamancin wannan ƙuduri bai kai ga ƙuri'ar zauren majalisa ba a shekarar.