Zaman Gida: Jar Riga da Kan Gida



Kwanan baya na je Bunkure, lokacin ɗiban tumatir a gonakin rani da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa. Na sauka gidan wani dattijon ekklesiya, na tarar shi da jikansa ba sa ga maciji. Dalili kuwa riga ce. Yaron ya yi ƙwadago, ya tara 'yan kuɗinsa, ya sayo jar rigar Manchester United daga Kura. A ƙirjinta ga hoton wani jan shaiɗan mai ƙaho da wutsiya, riƙe da mashi mai baki uku. Tsoho ya ce rigar nan ba za ta kwana gidansa ba.

Kada mu yi saurin yi wa tsoho dariya. A gidan Maguzawa aka haife shi, inda kowace zuriya take da kan gida, wato wata dabba, ko maciji ko kada, wadda ba a kashewa, ba a ci, ana kuwa jin tsoronta. Da ya ba da gaskiya ya rabu da wannan duka, ya sha wuya wurin dangi saboda haka. To, in ya ga samari suna ɗaukaka hoton dabba ko na shaiɗan, suna ihu dominsa, ina laifinsa in gabansa ya faɗi?

Amma yaro ma yana da tasa hujja. Ƙungiyoyin wasa sukan zaɓi alama ne don a gane su, kamar tuta. Tun 1966 Ingila ta fito da wani zaki mai suna Willie don gasar kofin duniya, wasu suka bi sahu. Ta Nijeriya gaggafa ce, Kamaru zaki, Enyimba ta Aba giwa. A gasar Afirka da aka gama a Abijan ran 11 ga Fabrairu 2024, giwa ce alamar gasar, sunanta Akwaba, masu giwar kuma suka ci mu 2 da 1. Ba wanda ya yanka wa giwar nan kaza. Mutum ne kawai cikin kayan soso yana sa yara dariya. Shi ma jan shaiɗan laƙabi ne da 'yan jaridar Faransa suka sa wa 'yan zari-rugar Salford a 1934, daga baya Manchester ta ara.

To, wa ke da gaskiya? Ku buɗe 1 Korintiyawa sura 8. Manzo Bulus ya nuna gunki ba kome ba ne, amma ya gargaɗe mu kada saninmu ya zama sanadin tuntuɓe ga ɗan'uwa. Zane a kan riga ba shi da iko bisa wanda jinin Yesu ya fansa. Duk da haka zuciyar kaka ta fi riga tsada. Ga kuma maƙwabta da ba su san labarin Salford ba, abin da za su gani shi ne ɗan Kirista da shaiɗan a ƙirji.

Ni dai abin da ya fi ba ni tsoro ba hoton ba ne. Alama takan zama gunki ran da yaro ya bar sujadar yamma ya tafi gidan kallo, ran da ya zuba kuɗin takin shinkafa cikin cacar ƙwallo, ran da ya fasa wa abokinsa kai don an zagi ƙungiyarsa. Wannan yana iya samun mai gaggafa, yana iya samun mai kirarin "Sai Masu Gida" na Kano Pillars.

Bayan mun yi addu'a tare, yaron da kansa ya kai rigar wurin tela aka rufe hoton da jan ƙyalle. Kaka kuma, da la'asar, ya ɗauki sandarsa ya je bakin fili ya ga jikansa yana buga ƙwallo.

Iyaye, kafin ku ƙone riga, ku zauna ku ji ta bakin yaro. Samari, in tsofaffi sun tsorata, ku tambaye su abin da suka baro. Allah ya ba gidajenmu salama. Sai wata mai zuwa.