Gobarar Daejeon: ina kwafin yake, kwana nawa zai ɗauka ya dawo?

Ranar 26 ga Satumban 2025, gobara ta tashi daga batura a cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ɗaruruwan ayyukan gwamnati na intanet suka tsaya cak. An farfaɗo da akasarinsu sannu a hankali. Amma G-Drive, rumbun da ma'aikata ke zuba takardunsu, ya ƙone da terabait 858, ba shi da kwafi a ko'ina. Hujjar hukumomi wai girmansa ya yi yawa.

UniSuper, asusun fansho na Ostareliya, ya fi su sa'a. A watan Mayun 2024 wani kuskure a Google Cloud ya goge masa manyan kwamfutocinsa a yankuna biyu lokaci guda. Kwafin da aka ajiye daban, har da na hannun wani kamfani, shi ya cece shi. Duk da haka sai da aka kwashe kusan mako biyu kafin komai ya daidaita.

A nan gizo ke saƙa. Maido da faifan babbar kwamfuta aiki ne na janyo bayanai ta waya, a sake ɗora su bi da bi, a gwada. A layin gigabit ɗaya, terabait 858 zai ci kusan kwana 80.

Ga Nijar, wadda intanet ɗinta ke ratsowa ta ƙasashen maƙwabta kafin ya kai teku, wannan lissafi ya fi nauyi. Ma'aikatar da kwafinta ke Turai, ranar da igiya ta katse kamar yadda aka gani a Afirka ta Yamma a Maris 2024, sai dai ta zauna jira.