FILIN MATA: Yafiya Daban, Komawa Daban



Wannan mako mun sami takarda daga wata matar aure a Maigatari. Ta ce ta karanta kashi na biyu na wani littafin soyayya irin mai aljanu da 'ya'yan sarakuna. A kashi na farko ɗan sarki ya ci amanar yarinyar da ta cece shi, ya auri wata. A na biyu kuwa, da duniya ta juya masa baya, sai ya komo yana kuka, nan take yarinya ta yafe, aka ɗaura aure. Ita dai abin ya ɓata mata rai. Amma ƙanwarta da ke makaranta a Gumel ta ce ai wannan shi ne haƙuri. To, tana tambaya, wa ke da gaskiya?

Kowacce ta kama gefe guda. Bari mu duba littattafai biyu na gida.

Na farko shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida da Dokta East suka rubuta bayan gasar rubutun Hausa ta 1933. Abubakar yana son Zainab, sai mai dukiya, Malam Shehu, ya aure ta. Abubakar ya ƙi yafewa, ya shiga duniya neman asiri, ya sa wa ɗan da suka haifa hannu. Yaro ya tashi ɓarawo, har ya kashe ubansa ba da sani ba. Kun ga wanda bai ci ba bai sha ba, shi aka sa ya biya. A nan ƙanwa ta yi gaskiya. Riƙo a zuci garwashi ne, mai riƙonsa yake fara ƙonawa.

Na biyu shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990, aka kuma buga fassararsa ta Turanci a ƙasar Indiya a 2012. Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya Delu. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta. Da gobara ta cinye kantin Alhaji, Delu kuma ta ci amanarsa, sai dangi suka taru a kan Rabi ta koma. Ku lura, talauci ne ya tuna masa da ita. A nan yaya ta yi gaskiya.

Watau abubuwa biyu ne muke cakuɗawa. Yafiya aikin zuciya ce, kina iya yinta ke kaɗai a ɗakinki, ki huta. Komawa kuwa sai da sharaɗi. Malamai sun koya mana sharuɗɗan tuba: mutum ya yi nadama, ya bar laifin, ya ƙudura ba zai sake ba, in kuma haƙƙin wani ne ya mayar. Ko 'yan'uwan Annabi Yusufu, sai da suka amsa laifinsu da bakinsu. Saboda haka in mai laifi ya komo, a tambaya: ya faɗi abin da ya yi a gaban manya? Ya biya ci da sha da tufafin yara na kwanakin da ya yi watsi da su? In babu ko ɗaya, hawaye ba shaida ba ne.

Ku 'yan makaranta, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, ku yi ta karatu, amma fa ku sani mai littafi yana iya shirya masoya cikin shafi uku, don aljani ne ke gyara masa hanya. Gidan aure ba aljani, sai gaskiya da shawarar iyaye.

Ku kuma iyaye, in 'yarku ta zo da kuka, ku ji ta bakinta tukuna kafin ku ce ta yi haƙuri. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma lalle a gaya wa mai laifi nasa laifin.

Wadda ke da wani ra'ayi ta aiko mana da takarda. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.